Kumfa a Gilashin Baya

Litinin, 3 ga wata, da yamma

Makullin Tsohuwa yana cikin jakata, tsakanin alli da jan biro. Ni ban nema ba. Yaya ne ya zare shi daga jikin motar ranar Juma'a, ya danƙa mini, ya koma garin da yake aiki. Halinsa ke nan: ya zo ya yanke hukunci, ya kaɗe rigarsa, ya bar ni da sauran, tunda ni ce autar da ke kwana a gidan.

Tsohuwa motar Baba ce. Da kaɗan na girme ta. Baba ya gama aikinsa na tuƙin motar ma'aikata bai taɓa goge fentin kowa ba, kuma duk baƙon da ya zauna a falonmu sai ya sha wannan labarin kafin ya sha ruwa.

Ba zan rubuta abin da ya faru ranar Juma'a ba. Yaron maƙwabta lafiyarsa ƙalau, yau ma na gan shi yana tsalle a ƙofar gidansu. Kekensa ne dai yake jingine a bayan garejinmu, ƙafar baya a lanƙwashe.

Baba ya ce laifin gilashin baya ne. Kuma bai yi wa gilashin ƙage ba, ya lalace. Wata kumfa ce fari-fari ta taso a cikinsa daga kusurwar ƙasa, tana ci zuwa tsakiya, kamar ruwan sabulu ya bushe a kai. Ka goge ta waje, ka goge ta ciki, tana nan.

"Ta ina mutum zai ga abin da ke bayansa?" in ji shi. "Auta, ki kai a gyara. Ranar da gilashin nan ya yi tas, ki ba ni makullina."

Na ce to. Mama tana ninke wanki, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Laraba, 5 ga wata, bayan an tashi makaranta

Mun kai ta wurin mai gilashi. Ni na ja, Baba yana gefe yana koya mini tuƙin da na yi shekaru ina yi. Wai na cika taka birki, na matse gefe, wa ma ya ba ni lasisi. Kafin mu isa kaina ya ɗau zafi.

Rumfar kwano ce, gilasai jingine da bango an sassaka kwali a tsakaninsu, ƙasa duk ɓurɓushi yana ƙara a ƙarƙashin takalmi. Mutanen layin suna kiran mai rumfar Ba-Matsala, kuma kafin mu gama gaisawa na gane dalili.

"Malama, irin wannan gilashi biyu ne aka manne, da wata leda siririya a tsakiya," in ji shi. "In ruwa ya sami hanya ta gefe, rana ta dafa shi, sai ledar ta saki. Kumfar a ciki take, shi ya sa hannu ba ya jin ta. Ba matsala, a sa sabo."

Baba ya ce, "Da shi aka ƙero ta. Ba mai cire shi ina raye."

"Ba matsala, Baba." Wai zai ɗaga robar gefe, ya gasa wurin da na'urar hura zafi, ya tura gam da sirinji, ya matse da ƙarfe ya kwana. "Amma fa ban yi alkawari ba."

Ba matsala, amma bai yi alkawari ba. A numfashi ɗaya ya faɗe su, ko kunya bai ji ba.

Baba ya matsa yana nuna masa kumfar da yatsa. Can sama ya nuna, inda gilashin yake garau. Ba-Matsala ya dube ni. Ni kuma na dubi takalmina.

Juma'a, 7 ga wata, da la'asar

An karɓo ta. Mutumin ya iya aikinsa, ban hana shi ba: kumfar ta kwanta, saura ɗan tabo kamar na yatsa. Ya ce a ba gam kwana uku ya kama, kada ruwa ya taɓa gefen, kada a bar ta a rana.

Da na maimaita a gida, Mama ce ta tsare ni da tambaya, matar da ba ta san inda ake zuba wa mota mai ba.

"Ruwa kuma? In ya taɓa fa?"

"Sai kumfar ta dawo."

"Mai sanyi ko mai zafi?"

"Mama, ruwa dai. Mai zafi ma ya fi ɓarna, in ji shi."

Ta ce Allah ya kyauta, ta shige kicin.

Baba ya sa an goge masa takalmin tuƙinsa. Ya kamata in yi murna, an rabu da wahala. Ban yi ba, kuma ban ga dalilin da zan zauna ina yi wa takarda bayani ba.

Asabar, 8 ga wata, da hantsi

Mama ta ce in fitar da motar daga gareji, za ta shanya barguna a ciki. Barguna a inuwa, mota a rana. Na ce mata mai gilashi ya hana. Ta ce mai gilashi ne zai wanke mata barguna in ƙura ta bi su? Na gaji, na fitar.

Litinin, 10 ga wata, da safe

Kumfa ta dawo.

Talata, 11 ga wata, da yamma

Na je na zazzage wa Ba-Matsala kwandon masifa a gaban abokan aikinsa. Na ce gam ɗinsa na jabu ne, na ce da ruwan sitati ya manne mana. Ya tsaya yana sosa ƙeya da sirinji, ya ce bai taɓa ganin ta dawo da sauri haka ba, amma ba matsala, a bar ta ta sake kwana.

Na dawo a motar haya, an matse ni tsakanin wata mai buhu da wani mai tari. Takardun jarrabawar yara na nan jibge a kan tebur ban taɓa ba.

Baba ya ce ƙwan fitilar falo ya yi rauni. Na canza. Ya ce wannan ma ba shi da haske, yanzu komai na jabu ake yi. Satin da ya wuce na canza na ɗakinsa, da na baranda.

Laraba, 12 ga wata, da rana

Yaya ya kira ina tsakiyar aji. Na fita baranda.

"Auta, wai gilashi ɗaya ne ya gagare ki?"

"Zo ka gwada."

"Baba ya ce gilashi ne, to a gyara gilashi, mene ne abin wahala? Mutum yana zaune a gida kamar ɗan kurkuku."

Na buɗe baki zan ce masa wani abu. Sai na ce yara na jirana. Shi wata-wata yake zuwa, ya yi awa biyu, Baba yana zaune a kujerarsa yana ba shi labarin fenti. Me zai gani a awa biyu?

Alhamis, 13 ga wata, bayan magariba

An sake karɓo ta, ta sake yin kyau. Wannan karon na lulluɓe ta da tamfol a cikin gareji, na ɗaure da igiya, na ce ko barguna za su ruɓe ba mai fitar da ita.

Baba ya zuba shayi ɗazu, rabi a kofi, rabi a faranti. Mama ta ja farantin, ta tura masa wani, ta ci gaba da maganar tsadar gawayi kamar ba abin da ya faru. Sun ƙware, su biyun.

Katin asibitin ido yana kan firji tun watan jiya, an danne shi da kwalbar zuma. Sau ɗaya na ambata. Baba ya ce shi da ya yi tuƙin dare shekara da shekaru ba tabarau, ba yaron likitan da zai haska masa tocila.

Asabar, 15 ga wata, da safe

Matar maƙwabcinmu ta amsa gaisuwata yau. A taƙaice dai, amma ta amsa. Da ta ga na nufi gareji sai ta kira ɗanta ciki.

Lahadi, 16 ga wata, da hantsi

Na ɗaga tamfol. Kumfa. Har ta fi ta da, ta haye wayoyin nan sirara na jikin gilashin.

Na zauna a kan tsohuwar taya na yi ta kallonta. Wallahi da ina da guduma a kusa da na huta.

Litinin, 17 ga wata, da yamma

Yau Ba-Matsala bai ce ba matsala ba. Ya ɗaga robar da tsinken ƙarfe, ya sa yatsa, ya nuna mini. A jiƙe.

"Malama, ni fa ba na son rigima. Amma motar da ke cikin gareji, a lulluɓe, ina ta samo ruwa? Akwai mai wanke ta."

"Ba mai wanke ta."

"To akwai mai ba ta ruwa ta sha."

Na ce masa ya nemi wani uzurin. Ya ce zai sake yi karo na uku saboda furfurar Baba, daga nan kuma in nemi wani. Na ce dama shi kaɗai ne mai gilashi a duniya? Na fito ina huci. A hanya na tuna shi kaɗai ne ya yarda ya taɓa ta, sauran duk cewa suka yi a fasa a sa sabo.

Laraba, 19 ga wata, da safe

"Auta, yaushe?" Tambayar Baba ke nan kullum da safe, kafin in sa takalmi. "Auta, yaushe?"

Juma'a, 21 ga wata, lokacin tara

A ɗakin malamai nake rubuta wannan.

Jiya aka karɓo ta karo na uku. Yau da sassafe na tuna na bar takardun yara a kujerar baya, na fita in ɗauko. Ƙofar gareji a buɗe. An kwance igiyata, an naɗe tamfol gefe guda da kyau, irin naɗin mutum ɗaya da na sani. Mama ce tsaye a bayan motar, butar shayi a hannun dama tana tururi, cokali a hagu. Ta sa ƙotar cokalin ta ɗaga robar, tana tsiyaya ruwan a hankali, kamar mai ba jariri magani.

"Mama, me kike yi?"

Ko firgita ba ta yi ba. "Rage murya, zai ji."

"Sati nawa ina zarya tsakanin makaranta da rumfar mutumin nan? Na zage shi tas a gaban mutane. Na ce gam ɗinsa na jabu ne."

"Na sani. Allah ya ba shi haƙuri, bawan Allah."

"To me ya sa?"

Ta ƙarasa tsiyaye butar tukuna, ta mayar da robar da babban yatsa, ta goge wurin da gefen zaninta.

"Muddin kumfar nan tana nan, laifin gilashi ne," in ji ta. "Ranar da ya yi tas, laifin wa zai zama?"

Ta juyo ta dube ni.

"Ko ki ba shi makulli ya fita layin nan da yara ke wasa, ko ki hana shi ki gaya masa dalili. Wanne za ki iya? Ni ban iya ko ɗaya ba. Buta na iya."

Ta wuce ni ta koma kicin ta sake ɗora ruwa, don na shayinsa ne ta juye. Haushi nake ji har wuya, kuma na rasa wa zan ji wa. Na manta takardun ma a motar.

Asabar, 22 ga wata, da safe

Yau ni na riƙe mata cokalin.

Litinin, 24 ga wata, da yamma

Na biya ta rumfar Ba-Matsala na ba shi haƙuri. Ban yi masa bayani ba, shi ma bai tambaya ba. Ya ce, "Yaya jikin Baba?" Ban taɓa ce masa Baba ba shi da lafiya ba. Na ce da sauƙi.

A gida na ce wa Baba gam ɗin ne ba ya kamawa, sai an yi odar wani daga nesa, zai ɗau lokaci. Ya ce masu aikin yanzu duk haka suke. Ƙarya ta zauna mini a baki daram, abin har ya ba ni tsoro. Ni da nake tsayar da yara a gaban aji saboda ƙaryar littafi ya ɓata.

Har yaushe za mu yi ta dafa gilashi? Na tambayi Mama. Ta ce in miƙo mata murfin tukunya.

Alhamis, 27 ga wata, da rana

Yaya ya kira, wai zai zo Asabar. Na ce Allah ya kawo shi. Na yi niyyar in ya zo in ja shi gefe in faɗa masa komai. Na ma shirya yadda zan fara.

Asabar, 29 ga wata, da la'asar

Ni ce da laifi, ni na ba Yaya makullin da hannuna. Ya iso ina shirin fita taron iyayen yara, ya ce zai kai Tsohuwa a duba birki, mota ba ta son zama. Na ce in na dawo akwai maganar da za mu yi. Ya ce to.

Ashe tun sati biyu ya sa aka nemo masa gilashi irin nata a wurin masu kayan tsofaffin motoci, ya ɓoye a but ɗin motarsa. Na dawo na tarar da ita a tsakar gida tana ƙyalli. Gilashin baya garau, har kana ganin zaren kujera. Yaya yana tsaye yana murmushi kamar wanda ya ciwo kofi.

Ya raɗa mini, "Kada ki ce masa sabo ne, ki ce gyara aka yi. Kin ga abin da ya gagare ki wata guda?"

Sai ga Baba ya fito. Ya sa rigarsa mai guga da takalmin tuƙi. Mama tana bayansa, hannunta duk kumfar wanke-wanke.

Ya miƙo hannu. "Auta, an ce ya yi tas."

Alkawari na yi. Na karɓa daga hannun Yaya na sa masa a tafi.

Ya shiga ya zauna. Ya gyara kujera. Ya sa makulli amma bai murɗa ba. Ya kama madubi ya karkata shi, ya duba. Ya sake karkatawa. Ya ciro hankici ya goge madubin, ya sake dubawa. Ya daɗe.

"Mutumin nan ya cuce ku," in ji shi. "Ƙaruwa ma ta yi. Ta rufe ko'ina."

Yaya ya ce, "Baba, ai gilashin..." Mama ta damƙe masa hannu da jiƙaƙƙen hannunta. Ya dube ta, ya dube ni. Na ga lokacin da murmushin ya bar fuskarsa.

Baba ya fito. Ya bi jikin motar da tafin hannu har baya. Ya shafa gilashin, wannan ba zai gaya masa komai ba. Sai ya sa babban yatsa a kan robar gefe, ya bi ta daga kusurwa zuwa kusurwa. Tsohuwar robar duk ta tsattsage, ya san kowace tsaga, shi yake shafa mata mai. Wannan sumul take. Ya kai yatsan hanci ya shinshina.

Rediyon maƙwabta kaɗai ake ji.

"Uwar Auta," ya ce, bai juyo ba. "Ke me kike gani a gilashin nan?"

"Kumfa," in ji Mama.

Ya yi 'yar dariya ta hanci. "Tun ranar da na san ki ba ki iya ƙarya ba."

Ya koma ya zare makullin, ya ce in zo. Ya laluba ya kamo hannuna, ya sa shi a ciki, ya naɗe mini yatsu a kai da nasa hannun.

"Katin nan da kuka danne da kwalbar zuma, har yanzu zai yi aiki?"

Na ce zai yi.

Ya nufi cikin gida. A bakin ƙofa ya tsaya kusa da Mama. "Gobe ki bar mini ruwan zafin nan a shayi. Kullum da safe ina jin fitar butar."

Yaya yana cikin gareji har yanzu, zaune a kan taya. Na kai masa ruwa, bai sha ba. Na so in ce masa ga abin da ya gagare ni wata guda. Ban ce ba.

Lahadi, 30 ga wata, da yamma

Yaya ya kai keken an miƙe ƙafar. Baba ya ce shi zai mayar da kansa. Ya tura shi har ƙofar maƙwabta, Mama na riƙe da gefen rigarsa. Sun daɗe a ciki. Ban bi su ba, ban kuma tambaya ba.

Talata, 2 ga sabon wata, da rana

Muna layin asibitin ido, an ɗiga wa Baba magani an ce mu jira. Yana ta mitar kujerun wurin.

Da safe shi ya riga ni shiga mota. Ya zagaya ya buɗe ɗaya ƙofar da kansa, ya zauna, ya ɗaura bel. Tun kafin in tayar ya fara: na cika ba ta wuta, ban bari ta yi ɗumi ba, wa ya ba ni lasisi. Na ce shi ya koya mini. Ya ce to ban ɗauka ba.

Na sa giyar baya.

"Dubi madubi," in ji shi.

"Na duba, Baba."

"Me kike gani?"

"Komai."

Ya gyaɗa kai, ya ɗora hannuwansa a kan gwiwa.

"To tafi a hankali. Akwai yara a layin nan."